Rediyon Baba mai sola, bayan damina biyu da bazara ɗaya

Jikka 12 na saye shi a watan Yuni na 2024, bayan mai shagon ya fara da 18 yana ta rantse-rantse wai ko shi bai samo shi haka ba. Rediyo ne ɗan madaidaici, ruwan goro da baƙi, bai fi sandar sabulun wanki biyu in an haɗa su ba. A bayansa akwai ɗan faifan sola, a gefe akwai hannu da ake juyawa, a goshi tocila, a ƙasa kuma ramin cajin salula. Irinsa sun cika Yamai yanzu. Sunan da ke jikin kwali ne kawai ke sauyawa, cikin duk uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba zan wahalar da ku da suna ba. Duk wanda ya ratsa layin masu kayan wuta ya gan su rataye kamar kilishi.

Ba don kaina na saya ba, Baba na sayo wa. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce an haife shi wajen 1943, shi kuwa ya ce mai rubutun ya rage masa. Mutumin Tawa ne, tsohon direban babbar mota, ya ci hanyar Yamai zuwa Doso, Dogondutsi, Ƙonni har Tawa shekaru da yawa, kilomita sama da 500 da ya san ramukanta kamar yadda na san sunayen ƴan ajina. Yanzu yana da hawan jini, yana ta rufe masa idon hagu, yatsunsa sun ƙage, kunne kuma sai an ɗaga murya. Hankalinsa dai garau. Muna zaune a ƙetaren gada, Harobanda, can wajen Karaje, kuma duk wanda ya san wannan yanki ya san dalilin da ya sa malamar firamare za ta cire jikka 12 daga albashinta ta sayi rediyo ana gab da damina.

A farkon Satumba na 2020 kogin Isa, wato kogin Neja, ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, shingen da ke tare ruwa a unguwar Lamorde ya ɓalle, ruwa ya shigo mana. Kwana uku kafin haka Baba ya ce a kwashe hatsi da takardu a kai gidan ƙanena a Talaje. Ya ce rijiyar maƙwabta ta taso har ana ɗiba ba igiya, gindin katanga yana gumi, tururuwa na hawa bango da ƙwai a baki. Ƙanena ya duba salularsa ya ce a WhatsApp an ce shingen zai riƙe. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na bi bayan salula. Muka ce masa ya kwantar da hankalinsa, irin maganar da ake yi wa yaro.

Ba zan ba da labarin daren duka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wani saurayi ne ya goya Baba ya fitar da shi, a gaban mata da yara, takalminsa ɗaya ya tafi da ruwa, sandarsa ma haka. Har yau in an tuna daren, ba ɗakinsa da ya rushe yake ambata ba, goyon yake ambata. "Tsoho da gemu a bayan yaro," in ji shi, sai ya kau da kai. Mun fita da talabijin, mun fita da keken ɗinki, amma babu wanda ya tuna da maganinsa. Takardar likita ta jiƙe ta zama kunu, kuma duk gidan babu wanda ya san sunan maganin, "ƙaramin farin nan" kawai muke ce masa. Kwana 9 ya yi bai sha ba.

Kusan wata guda muka yi a cikin aji, a wata makaranta da aka sauke mu. A nan na ga yadda taimako ke wuce tsoho ta gefe ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Rabon abinci layi ne, layi kuwa na mai ƙafa ne. Sanarwa ana liƙa ta a bango da Faransanci, ko a turo ta a salula. Masai yana can ƙarshen fili, babu fitila a hanya. Sai daga baya na gane Baba ya daina shan ruwa daga la'asar don kada fitsari ya tashe shi cikin dare ya nemi mai rakiya. Bai gaya wa kowa ba, sai da jiri ya kayar da shi. Tun daga lokacin nake auna kowane kaya da tambaya ɗaya: in dare ya yi, wuta ta ɗauke, ni ba na kusa, Baba zai iya da shi shi kaɗai?

Ranar da na kawo rediyon, bai ce na gode ba tukuna. Ya karɓa, ya jinjina nauyinsa, ya rufe idonsa mai gani ya bi shi da yatsu lungu-lungu, kamar mai sayen rago.

"Ɗiyata, mi anka rubuta nan?"

"Turancin Ingilishi ne, Baba. Wannan na kunnawa ne, wannan na fitila."

"To su masu yin abin ga, ba su da tsofaffi a garinsu?"

Gaskiyarsa. Maɓallan guda biyar ne a jere, girmansu ɗaya, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, baƙi a kan baƙi, rubutun kuma sai mai ido biyu da rana tsaka. Wannan shi ne babban aibin rediyon, kuma ba ƙarami ba ne ga wanda aka saya domin shi. Maganin da na yi masa na gida ne. Na ɗiga jan farce mai kauri a kan maɓallin kunnawa, na bar shi ya bushe, na sake ɗigawa har ya yi tudu. A kan na tocila na liƙa ɗan guntun filasta mai kaushi. Yanzu yatsa ke karantawa, ido ya huta.

Abin da ya cece shi a wurina shi ne dabaran neman tasha. Akwai irinsa biyu a kasuwa. Ɗaya mai ɗan gilashi da lambobi, ana danna maɓalli ya nemo tashoshi da kansa, samari sun fi son shi, mai shagon ma shi ya so ya tura mini. Kada ku saya wa tsoho wannan. In batir ya mutu ko an cire shi, wasu sukan manta duk tashoshin da aka ajiye, sai an sake bi daga farko, kuma ba kowane jika ne ke kusa ba a lokacin. Ɗayan shi ne irin na da, mai allura da ke tafiya in an murza. Inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Na sa ɗigo uku na jan farce a bakin gilashin, ɗaya a kan Muryar Sahel, biyu a kan tashoshi masu zaman kansu da ke labarai da Hausa da yamma. Dabaran yana da ɗan santsi, na naɗa masa robar ɗaure kuɗi, shi ke nan.

Murya kuwa ba laifi. Tana da kauri, ba irin ta salula mai tsini ba, kuma ga kunnen tsoho kaurin ya fi ƙarfin amfani. A FM yana kama tashoshin Yamai tsaf ko eriya ba a ja ba. Gajeren zango ne ke da ɗan aiki. Tun da aka dakatar da RFI a Agusta na 2023, aka kuma dakatar da BBC a Disamba na 2024, Baba ya koma laluben tashoshin waje kamar zamanin da yake kwana a bakin hanya da mota. Matsalar ita ce shi da mita ya san su, mita 31, mita 25, mita 19, rediyon kuwa da megahaz aka rubuta. Lissafin ba wuya, ka raba 300 da mitar, sai ya ba ka wurin: mita 31 tana wajen 9 da rabi, mita 25 kusa da 12, mita 19 ɗan sama da 15. Na zauna na yi masa a bayan takardar jarrabawa. Eriyar dai siririya ce, wata huɗu ta yi jikana ya karya ta. Yanzu wayar wuta ce muka ɗaura daga guntun zuwa ƙarfen taga, kuma abin mamaki ya fi kamawa a haka.

Amfanin da ban yi tsammani ba shi ne lambobin kogi. In damina ta yi nisa, akan faɗi tsayin ruwa a labarai, kuma ma'aunin Yamai yana da matakai: santimita 530 gargaɗin farko, 580 na biyu, 620 shi ne ja. Da, waɗannan lambobi a salular samari suke yawo, su karanta su wuce. Yanzu Baba ne ke riƙe da su. Yana da wani tsohon kalanda, kullum sai ya sa a rubuta masa lambar ranar da manyan baƙaƙe, kuma ba lambar kaɗai yake dubawa ba, tazarar jiya da yau yake dubawa. Ya ce kogin da ya ƙaru da 5 a kwana da wanda ya ƙaru da 30 ba dangi ba ne, ko da lambarsu ɗaya. Shi ya fahimtar da ni cewa cikar kogin iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa da sanyi, wajen Disamba da Janairu, ruwan da ya taso tun daga Gine ya ratsa Mali a hankali, wannan yana sallama kafin ya shigo. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina, ɗauke da laka, wannan ba ya sallama. Mutumin da ya ga kogin nan ya tsaya cak a 1985, har yara na wasa a cikin yashinsa, ya kuma ga ya hau gadonsa na kwana a 2020, in yana magana kan ruwa yanzu shiru nake yi.

Tocilar iri biyu ce. Ta goshi tana da ƙarfi har ta yi yawa, fari fat, in ta bugi bango mai farar ƙasa sai ta dawo wa mai yanar ido ta rufe masa gani. Baba ba ya son ta. Amma in an ɗaga faifan solar, a ƙarƙashinsa akwai wasu ƙananan fitilu masu laushi, su ne abin yabo. Yana ajiye rediyon a ƙasa bakin ƙofa, hasken ya shimfiɗu a kan dakali da hanyar bayi, ya tafi da sandarsa hannu ɗaya, ɗayan hannun a bango. Tsoho ba ya buƙatar hasken da zai kai gidan maƙwabta, yana buƙatar ya ga inda zai sa ƙafa, kuma hannunsa ya zama babu kaya. Faɗuwa ɗaya a makewayi ta isa ta kwantar da mai shekara 80 har abin da Allah Ya yi. A kan wannan fitila kaɗai na yafe wa rediyon abubuwa da dama.

Jiniyar ce ban yafe ba. Akwai wani maɓalli da in an danna sai abin ya fasa ihu da jan haske, wai don neman agaji. Yana manne da na tocila. Daren farko Baba ya tashi alwala wajen ƙarfe uku, ya laluba, ya danna shi. Gida ya tashi, maƙwabta suka fito da taɓare, karnukan unguwa suka amsa. Shi kuwa yana tsaye yana tambaya lafiya, don bai ji komai ba sai wani ɗan zuu. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ce haka kunnen tsufa yake, siririyar ƙara yake fara rasawa, shi ya sa yake jin ladan da ganga da muryar maza, amma ba ya jin kukan salula. Wato jiniyar ba za ta taɓa gargaɗin tsoho ba, sai dai ta tara masa jama'a. Na so in kashe ta gaba ɗaya. Baba ya hana, ya ce ranar da ya faɗi ba kowa, ita ce bakinsa. Sai na kifa mata murfin kwalbar lemo na ɗaure da salatif, yadda sai da niyya za a kai gare ta.

Yanzu ga maganar sola, wadda ita ce ake tallar abin da ita. Faifan bai kai tafin hannu ba. Yini guda a rana ba ya cika batir, ɗan ƙari kawai yake yi, kamar mai cika randa da cokali. Mu kuma tun da Najeriya ta katse mana wuta a Agusta na 2023 muka shiga son duk abin da aka ce yana ci da rana, ba ma tambaya. Na yi kuskuren barin shi a kan katanga kullum cikin bazarar 2025. Wanda ya san Afrilu a Yamai ya san zafi kan wuce 40 kusan kowace rana, baƙar roba a tsakar rana kuwa ta fi haka nesa. Kafin damina ta sauka murfin baya ya lanƙwashe, batir kuma ba ya kai labaran yamma.

Na kai shi Katako wurin wani mai gyara, yaro ne mai haƙuri, ya buɗe a gabana. Batir ɗaya ne a ciki, dogo kamar yatsa, irin wanda suke kira 18650. Ya dubi kwalin da aka rubuta 10000 a jiki, wai yawan cajin da batirin ke riƙewa ke nan, ya yi dariya. Ya ce irin wannan batir, mafi kyawunsa a duniya bai wuce wajen 3500 ba, nawa kuwa da ya gwada ko 1500 bai kai ba. Ya ce zafi ne babban maƙiyinsa, wato rediyon da aka ce a shanya a rana, ranar ce ke cin ransa. Amma a nan wani alherin ya fito: batirin ba a like yake ba, ana zare shi kamar pil, irin batirin tocila. Ya sa mini wani da ya ciro daga batirin kwamfuta, jikka 2, ya fi na asali riƙo. In za ku saya, ku sa a buɗe murfin a gabanku. In batirin a manne yake da dalma, ku ajiye ku wuce. Akwai kuma gurbin ƙananan pil uku, kuma ina ajiye sababbi a leda ban sa su ciki ba, don kada su zube su ci ƙarfen.

Hannun juyawar na masu ƙarfi ne. Minti ɗaya na juyi yana ba da ƴan mintoci na rediyo, ya isa a ji kanun labarai, amma yatsun Baba ba sa iya riƙe ɗan ƙullun, sai jikoki. Cajin salula da shi kuwa, a manta. In batir a cike yake, yana iya tada ƙaramar salular Baba mai maɓalli ta yi kira biyu uku, ko a kira 18 wurin ƴan kwana-kwana. Babbar salula tana shanye shi ta bar gida ba labari ba fitila, don haka na kafa doka, kuma ƙanena ne ya fara karya ta. Mai shagon ya ce mini ruwa ba ya shigarsa. Ƙarya ce. Yayyafi kaɗan ya taɓa shi, lasifikar ta yi kwana biyu tana magana kamar mai mura. Yanzu a cikin ledar shinkafa mai kauri yake kwana in hadari ya haɗu.

Agusta na 2024 ne ya gwada mu duka, wata biyu da sayensa. Shekarar da ruwa ya yanke hanyar Doso a kusa da Yamai, motoci suka yi jerin gwano, mai ya yi wuya a gari, shekarar da tsohon masallacin Zinder ya rushe. Da lambar kogi ta doshi 580, Baba ya ɗauki sandarsa da rediyonsa ya nufi fadar samarin layinmu, wurin da bai taɓa zama ba. Suka tashi suka ba shi benci. Ya ƙi shayin farko saboda hawan jini, ya karɓi na biyu. Ni ina daga ƙofar gida ina kallo, ina jin kunya kaɗan, don na ɗauka wa'azi zai yi musu.

Lissafi ya kawo musu. Gida-gida ya bi layin da baki, ya faɗi duk wanda ba zai iya fita da ƙafarsa ba. Iya makauniya da ke ɗakin ƙarshe, wadda ƴaƴanta ke Agadas. Malamin da ɓarin jikinsa ya shanye. Tsohuwar da ke da ciwon suga, wadda allurarta ke cikin tulu don sanyi. Wata mai jego. Mutum bakwai ya ƙirga, kuma samarin da suka tashi a layin ba su san da uku daga ciki ba, don mutanen sun daina fitowa tun suna yara. Wannan ilimi ba ya cikin salular kowa, ba ya kuma cikin takardar mai unguwa. Yana wurin wanda ke zuwa gaisuwa da dubiya da ta'aziyya.

"Kai ɗan mai amalanke, Malam naka ne. Ku biyun ga, ku kama mishi. Ba goyo. Kun ji ni? Ba goyo."

"To Baba, in ruwa ya zo da sauri fa?"

"Shi ya sa ba mu jiran ya zo."

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yanke wa kowa hukunci ba. Ya bi su ɗaya-ɗaya ya tambaye su ina suke so a kai su, wa suka yarda ya taɓa su. Iya ta ce namijin da ba muharraminta ba ba zai ɗauke ta ba ko ruwa ya kai wuya, sai aka sa mata biyu, ni ce ɗaya. Ta kuma ce ba inda za ta ba awakinta. Da mu ne, da mun ce rigimar tsufa ce. Baba ya ce awakin nan uku su ne bankinta, su ne abin da ya sa ba ta roƙo. Sai aka fara kai awakin gidan ɗiyar ƙanwarta a kan tudu, tun kogi bai kai ja ba. Da awaki suka tafi, Iya da kanta ta ce a kai ta ta ga ko ana ba su dusa.

Da lambar ta haura 620 muka kwashe su da rana tsaka, a natse, kowa da ƙullin maganinsa. Daren da aka yi babban ruwa wuta ta ɗauke, kira ba ya shiga, rediyon nan ne kaɗai ke magana a layinmu, mutane sun taru a zaurenmu ana ji. Ruwa ya shigo layi har ƙwauri, ya tsaya nan, bai shiga ɗakin kowa ba. Iya ta kwana uku a wurin ƴan'uwa ta dawo ta tarar da ɗakinta a bushe, ta yi mako guda tana yi wa Baba faɗa ta kan katanga wai ya tada ta a banza, ya sa akuyarta ta ƙi cin abinci. Ya ce ta yi haƙuri, baɗi ma zai sake. A daminar 2025 ya sake ɗin, amma awaki kaɗai aka kai.

Rediyon yanzu yana da mazauni, wata tsohuwar jakar makaranta da ke rataye a ƙusa sama da gadon Baba daga Yuli zuwa Oktoba. A ciki akwai maganin wata guda da nake juyawa kada ya tsufa, da sunan maganin da na rubuta da manyan baƙaƙe na kuma ɗauki hotonsa a salula biyu, da katinsa da takardun gida a leda, tabarau na biyu, silifa, buta ƙarama, carbi, da garin kunu, don na ga yadda biskit ɗin agaji ya gagari masu haƙora huɗu. Goro shi ya sa da kansa. A 2024 an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa da yawa na cike da waɗanda ruwa ya kora, kuma da na je duba ajina na tarar da wata tsohuwa a kwance inda allo yake, jikarta na yi mata fifita da littafin lissafi. Na tambaye ta maganinta, ta ce ƙaramin fari ne.

To, a saya ko kada a saya? In tsohonku yana da ido da yatsu, ko kuna da haƙurin zama ku yi masa alamomi kamar yadda na yi, ku saya, amma mai allura, mai batirin da ake zarewa, kuma kada ku wuce jikka 12 ko 13. Ku caja shi da wuta in ta zo, ku bar shi a inuwa, solar ku ɗauke ta a matsayin ado. In kuwa hannunsa na rawa sosai, gara ƙaramin rediyo mai pil mai manyan dabarai biyu, da tocila dabam mai maɓalli ɗaya, duka biyun ba za su kai kuɗin wannan ba. Ni da na san abin da na sani yanzu, da wataƙila hakan na yi. Sai dai Baba ya riga ya saba da nasa, har ya ɗinka masa riga da guntun atamfa, kuma ba ya ba da aronsa ko ga liman.

Jiya ya ce a sayo wa Iya nata, don ta daina aiko yara tambayar lambar kogi tun kafin ya idar da sallar asuba. Na ce zan biya kasuwa ranar Asabar. Ya ce da shi za a tafi, zai rufe ido ya gwada su ɗaya-ɗaya a gaban mai shagon, wanda yatsa bai gane ba a mayar da shi kan ƙusa. Na riga na yi wa mai adaidaita magana, ƙarfe takwas, kafin rana ta yi zafi.